Cacar Ƙwallo: A Hana Ko A Sa Mata Linzami?

A Agege da Mile 12 na Legas da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga shagon cacar ƙwallo ba, kuma yaranmu 'yan dako na cikin masu cika su. Kuɗin da ya kamata a aika wa iyaye a gida a nan yake ƙarewa. Abin na ci mini rai.

Kano ta zaɓi hani, Hisba na rufe shagunan. Legas kuwa lasisi take bayarwa, ta karɓi haraji, ta haramta wa wanda bai kai shekara 18 ba. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ce lamarin caca na jihohi ne, don haka kowa ya kama gabansa.

Zuciyata na tare da hani, amma waya ta rage masa ƙarfi, domin yaro na iya yin caca daga ɗakinsa. Kamar rediyo ne: tashar Kwatano ba ta tsayawa a Seme, iyakar Najeriya da Benin, shi ya sa ƙasashe ke daidaita mita ta hannun hukumar sadarwa ta duniya, ITU. Lasisin Legas aƙalla ya san mai shago, sai dai ban taɓa ganin an tambayi yaro shekarunsa a bakin kanta ba.