Sabunta manhaja a Windows, macOS da Linux: wa ke riƙe da akalar lokaci?

Shekaru da dama ke nan ina aiki da kwamfutoci uku, ɗaya tana ɗauke da Windows, ɗaya macOS, ta ukun kuma Linux Mint, kuma abin da na daɗe ina lura da shi shi ne yadda sanarwa iri ɗaya, cewa akwai sabuntawa tana jira, take samun tarba daban-daban. Mai Windows yakan ja tsaki ya shiga neman inda zai ɗage ta. Mai Mac yakan kau da ita gefe ba tare da fargaba ba, har sai daren da ya tuna. Mai Linux kuwa sau da yawa shi da kansa yake zuwa nemanta. Aikin da sabuntawar take yi kusan ɗaya ne a ko'ina, wato toshe kafar da masu kutse za su iya bi da kuma gyara kurakuran da aka gano, saboda haka bambancin, a ganina, yana wajen wanda ke yanke shawarar lokacin da za a yi ta. Da wannan ma'auni na auna hidimar kowane ɗaya daga cikin ukun.

Tun watan Oktoban 2003 Microsoft ya tsayar da Talata ta biyu a kowane wata a matsayin ranar fitar da gyare-gyaren tsaro, kuma wannan tsari ne mai kyau domin masu kula da kwamfutocin ma'aikatu sun san ranar da za su shirya mata. Inda dangantaka ta yi tsami shi ne lokacin da Windows 10 ya fito a watan Yulin 2015, aka ƙwace wa masu amfani da nau'in gida ikon cewa ba sa so. Adalci ya sa a faɗi cewa kamfanin yana da hujja. A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya da dama, alhali an riga an fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris na shekarar. Mafi yawan kwamfutocin da abin ya shafa suna ɗauke da Windows 7 ne, inda mutum yake iya kashe sabuntawa gaba ɗaya ya manta da ita. Duk wanda ya san wannan labari ba zai ce tilastawar ba ta da tushe ba.

Sai dai wanda ya tilasta wa mutane shan magani ya ɗauki alhakin tabbatar da cewa maganin ba zai cutar da su ba, kuma a nan ne aka yi tuntuɓe. Babbar sabuntawar Oktoban 2018 ta goge fayilolin wasu mutane, har kamfanin ya janye ta kwanaki kaɗan bayan fitarta. Ko da babu irin wannan matsala, yanayin aikin kansa yana sa mutum ya ji an ture shi daga kujerarsa: allo ya cika da rubutun da ke gargaɗin kada a kashe kwamfuta, lamba tana hawa a hankali, ta tsaya a kashi 30 na ɗan lokaci, na'urar ta mutu ta sake tashi, mai ita kuwa ba shi da abin yi sai kallo. An gyara abubuwa da yawa daga baya. Yanzu ana iya dakatar da sabuntawa har tsawon mako biyar, ana iya tsayar da sa'o'in aiki waɗanda kwamfutar ba za ta sake kunna kanta a cikinsu ba, wanda kuma yake sayen data da awo yana iya sanar da tsarin haka domin ya rage saukar da manyan fayiloli. Amma amana idan ta fashe ba ta saurin ɗinkuwa. Shi ya sa a ranar 19 ga Yulin 2024, da gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, jama'a da yawa suka ɗora laifin a kan Windows kai tsaye, duk da cewa ba daga Microsoft ta fito ba.

A wajen Apple hankali ya fi kwanciya, kuma dalilin a bayyane yake: kamfani ɗaya ne yake ƙera na'urar yake kuma rubuta manhajar, saboda haka nau'o'in da zai gwada ba su da yawa. Ƙananan gyare-gyare sukan shiga da dare ba tare da hayaniya ba. Tsoron mai Mac yana kan babban sabon tsarin da ke fitowa sau ɗaya a shekara, kyauta tun 2013, domin Apple ba ya jin nauyin yanke tsohon abu. Da macOS Catalina ya fito a 2019, dukkan manhajoji masu tsohon tsarin da ake kira 32-bit sun daina aiki, kuma tun daga irin wannan darasi masu haɗa sauti da masu tace bidiyo suka saba da jira na watanni kafin su matsa gaba.

Linux Mint ne ya fi kwanta mini a rai, kuma zan bayyana dalili dalla-dalla. A ƙasan allo akwai wata 'yar alama mai siffar garkuwa. Idan sabuntawa ta zo, ɗigo ne kawai yake bayyana a jikinta. Na buɗe ta a lokacin da na ga dama, sai in tarar da jerin kowace manhaja da sunanta, da lambar sabon nau'inta, da girman abin da za a sauke, da akwatin da zan iya cire wa alama idan ba na so. Ina danna maɓalli ɗaya, tsarin da burauza da manhajar rubutu duk su sabuntu tare, ni kuma ina ci gaba da aikina. Idan gyaran ya taɓa ƙashin bayan tsarin, sai a gaya mini cewa akwai buƙatar sake kunnawa, a bar mini zaɓin lokaci. Akwai kuma Timeshift, wanda yake adana hoton yadda tsarin yake kafin a taɓa shi, ta yadda idan wani abu ya lalace za a iya komawa baya. Tunda Mint ya dogara ne a kan wani Linux ɗin mai suna Ubuntu, nau'insa mai dogon tallafi, wanda ke fitowa a watan Afrilu duk shekara biyu kuma ake kula da shi shekara biyar, canje-canjen ba sa zuwa da girgiza.

Yadda masu Linux suke kishin wannan 'yanci ya fito fili a lokacin da Ubuntu ya kawo tsarin girka manhajoji mai suna Snap, wanda manhajojinsa suke sabunta kansu ba tare da tambaya ba. Ƙorafi ya yi yawa, har masu Mint suka toshe shi a nau'insu na 20 a shekarar 2020. To amma 'yancin yana da nasa haɗari, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mutumin da bai damu ba zai iya barin wannan garkuwa da ɗigonta wata shida bai taɓa ta ba, wanda shi ne ainihin halin da ya buɗe wa WannaCry ƙofa. Gaggawa ma tana da nata. A watan Maris na 2024 an gano ƙofar ɓoye da aka dasa a cikin manhajar matse fayiloli ta xz, kuma nau'o'in Linux masu rige-rigen ɗaukar sabon abu da na gwaji ne ta shiga, masu tafiya sannu irin su tsayayyen Debian da Ubuntu mai dogon tallafi suka tsira.

Batun ya ƙara nauyi tun da tallafin Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025, ga kuma Windows 11 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, abin da ya bar lafiyayyun kwamfutoci masu yawa a waje. Wanda yake da irin wannan na'ura, kuma aikinsa bai wuce rubutu da bincike a intanet da kallon bidiyo ba, ina ba shi shawarar ya gwada Mint, da sharaɗin ya kunna sabuntawa ta kai tsaye idan ya san ba zai riƙa dubawa ba. Wanda aikinsa ya ɗaure shi a Windows, ya tsayar da sa'o'in aikinsa yau, ya ajiye kwafin fayilolinsa a wani wuri dabam, ya kuma bar gyare-gyaren tsaro na wata-wata su shiga cikin makon da suka fito. Mai Mac ya karɓi ƙananan gyare-gyare nan take, babban na shekara kuwa ya jira har masu manhajojin da yake cin abinci da su sun sanar cewa sun shirya.