Urban Dictionary: abin da na gani bayan wata takwas ina amfani da shi

Sana'ata ɗinkin jakunkuna da takalman fata ce a nan Kano. Shekara biyu ke nan da na fara sa hotunan kayana a Instagram, kuma cikin ikon Allah masu saye suka fara fitowa daga waje, galibi Amurka da Ingila. Turancin makaranta ina da shi daidai gwargwado, amma wanda waɗannan mutane ke rubuto min a saƙo ba shi malamanmu suka koya mana ba.

Wata mata a Amurka ta karɓi jakar da na aika mata, ta jar fata, wadda na kwana huɗu ina ɗinkinta. Bayan sallar isha'i saƙonta ya shigo: "This bag is sick!" Na sa a wata manhajar fassara da ke wayata, ta ce min wai jakar ba ta da lafiya. Gabana ya faɗi. Na ɗauka ruwa ya taɓa fatar a hanya ta yi funfuna. Har na fara rubuta mata ban haƙuri ina lissafin kuɗin da zan mayar, sai ƙanena da ke jami'a ya leƙo ya ce, "Yaya, dakata, yabonka take yi." Ya buɗe min Urban Dictionary, wani shafin intanet mai bayyana ma'anar kalmomin sara na Turanci, ya nuna min: a bakin matasansu, sick na nufin abu ya burge matuƙa. Wato dai abin da mu ke cewa "ya haɗu".

Tun daga ranar shafin bai bar wayata ba. Wani ɗalibi mai suna Aaron Peckham ne ya kafa shi a 1999 yana karatu a Kalifoniya. Kyauta ne, ba ya cin data sosai. Ba malamai ne ke rubuta ma'anonin ba, jama'ar gari ne. Kowa na iya turo tasa fassarar, masu karatu su danna alamar yatsa sama in sun yarda, ko ƙasa in ba su yarda ba. Ƙarƙashin kowace ma'ana za ka ga ranar da aka rubuta ta, kuma yawanci da jimlar misali.

Jimlar misalin nan ita ce ta fi min amfani, domin sara ba a gane ta sai a cikin zance. Ɗauki GOAT. Wani saurayi a Landan da na ɗinka wa takalmi ya rubuto min "you're the GOAT". Bahaushe a kira shi akuya, ai magana ta ɓaci! Ashe haruffan farko ne na "greatest of all time", wato gwanin gwanaye, irin kirarin da suke yi wa manyan 'yan ƙwallo. Haka "no cap", wadda ta fito daga bakin baƙaƙen Amurka, ba ruwanta da hula, tana nufin "ba ƙarya". In aka turo maka hoton ƙoƙon kai ko aka ce "I'm dead", ba rasuwa aka yi ba, dariya ce ta kashe mutum, mu ma haka muke faɗa. In kuwa mai saye ya gama ciniki ya ɓace ba amsa, sunan abin da ya yi "ghosting".

Ga ɗan kasuwa, kalmomin kuɗi su ne ba wasa. "Bucks" dala ce, "quid" fam ɗin Ingila, "a grand" dubu guda. Ɗan Ingila in ya rufe saƙonsa da "cheers", godiya yake yi maka.

Sai dai a shiga da lura. Tunda ƙofar a buɗe take ga kowa, kalma ɗaya za ta iya zuwa da ma'ana goma, wasu na gaske, wasu barkwanci, wasu kuma maganganun da ba ka so yaro ya karanta. Ni ba na ba ƙananan yara wayata shafin na buɗe. Abin da na saba yi shi ne in karanta ma'ana uku ko huɗu na farko, in duba ƙuri'unsu da shekarar da aka rubuta su, sannan in koma saƙon mai saye in ga wacce ta dace da zancenmu. Shekarar na da muhimmanci, don sara tana tsufa da wuri. Kalmar "rizz", wato iya jan hankalin wanda kake so da daɗin baki, ba ta daɗe da fitowa ba sai ga masu ƙamus na Oxford sun zaɓe ta kalmar shekarar 2023.

Bayanin duk da Turanci yake, don haka wanda bai yi nisa a boko ba zai buƙaci mai taya shi. Ni kuma don in fahimta nake shiga, ba don in kwaikwaya ba. Amsata ga masu saye da Turancina mai sauƙi nake ba su. Matar nan ta sake yin odar jaka biyu kafin ƙaramar sallah, ɗaya baƙa ɗaya ruwan ƙasa. Da suka isa ta rubuto "these are fire", wato sun haɗu, na ce mata na gode, na tura mata hoton sabbin da ke kan teburina.