Sharhi kan kundin Fearless na Taylor Swift, da bugun da ya fi dacewa a saurara

Kundin Fearless ya fito ranar 11 ga Nuwamba, 2008, daga kamfanin Big Machine da ke Nashville a jihar Tennessee ta Amurka. A lokacin Taylor Swift tana da shekara 18, saura wata guda ta cika 19, kuma wannan ne kundinta na biyu. Na saurari bugun farko da wanda ta sake rerawa a 2021, a iyafis, a sifikar mota, da kuma bakin waya. Abin da na tabbatar shi ne, ƙarfin wannan aiki yana cikin rubutun waƙoƙin da yadda aka gina su. Murya da kiɗa suna biye ne a baya, wani lokacin ma da tazara.

Bugun asali waƙoƙi 13 ne, tsawonsu duka kusan minti 54. Bakwai daga ciki ita kaɗai ta rubuta su: Fifteen, Love Story, Hey Stephen, You're Not Sorry, Forever & Always, The Best Day da Change. Huɗu sun shiga hannun Liz Rose, wadda ta daɗe suna rubutu tare, ɗaya a cikinsu kuma har da Hillary Lindsey. Breathe sun yi ta da Colbie Caillat, The Way I Loved You kuma da John Rich. Nathan Chapman ne furodusa, ita ma da sunanta a aikin haɗa kiɗan. Wannan lissafi yana da amfani ga mai sauraro, domin waƙoƙin da suka fi nuna hannunta, wato masu ɗauke da shekaru da wurare da ƙananan abubuwan da ido ya gani, yawancinsu cikin bakwai ɗin nan suke.

Salon kiɗan shi ne wanda ake kira kantiri, irin na karkarar kudancin Amurka, amma an gauraya shi da fof sosai. Wanda kunnensa ya saba da sanyin Don Williams zai ji wannan ya fi ƙarfi da sauri nesa ba kusa ba. Kayan kiɗan gargajiyar kantiri suna nan: banjo, mandolin, da gogen Turawa. Sai dai aikinsu ado ne. Su ke buɗe waƙa, su ɗan leƙo tsakanin baiti da baiti, amma da an shiga amshi sai jitar lantarki da ganguna su karɓe fili. Shi banjo ɗin, kunnen Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba, don asalinsa daga kayan tsirkiya masu rufin fata na Afirka ta Yamma ne, waɗanda bayin da aka kwashe suka tafi da fasaharsu. Tsinkensa yana kama da na gurmi.

Love Story ce waƙar da ta fi dacewa a tsaya a kanta, don a cikinta ake ganin dabarar kundin gaba ɗaya. Tsawonta bai kai minti huɗu ba. Tana farawa da banjo da murya a hankali, a kan ki na D (ki shi ne matakin sautin da aka gina waƙa a kansa), gudunta kusan bugu 119 a minti. Baitin farko yana ajiye ka a wuri guda: baranda, iskar bazara, fitilu, taron biki, saurayi yana ratso mutane. Uban yarinya ya ce ya nisanci 'yarsa. Amshin farko roƙo ne, na biyu ma roƙo ne amma da ƙarin damuwa. Sai a zo ɗangon da ke gaban amshin ƙarshe, wanda makaɗa ke kira gada. A nan ake janye ganguna, a bar murya kusan ita kaɗai, yarinya ta gaji da jira. Daidai lokacin da saurayin ya durƙusa da zobe, sai a ɗaga ki daga D zuwa E, duk kayan kiɗa su dawo tare, kuma kalmomin amshin su sauya baki ɗaya: yanzu shi ke magana, ya riga ya je ya ga mahaifinta. Labari da kiɗa sun juya a daƙiƙa ɗaya. Wannan ne ya sa mutum ke jin tsigar jikinsa ta tashi ko da bai kama Turancin duka ba.

Akwai tuntuɓe ɗaya a rubutun. Bayan ta ari sunayen Romeo da Juliet, ta kuma kwatanta kanta da jan harafin da ke cikin The Scarlet Letter, littafin marubucin Amurka Nathaniel Hawthorne na 1850. A littafin, harafin alama ce ta matar da aka kama da zina, abin da bai shafi yarinyar da mahaifinta ya hana ta saurayi ba. Kalmar ta zauna daidai a kan kiɗa, ma'anar ce ba ta zauna ba.

An jera waƙoƙin da tunani. Love Story ce ta uku, White Horse ta biyar, kuma ta biyar ɗin amsa ce ga ta uku. Fiyano ne da jitar katako da babban goge mai kauri, babu hayaniya. Yarinyar ta gane cewa ita ba gimbiyar tatsuniya ba ce, kuma wanda ya yaudare ta ya makara. Dabarar sauya amshin ƙarshe ta sake fitowa: a farko tana cikin ƙaramin gari, a ƙarshe garin yana bayanta a madubin mota. Waƙar ta ci lambobin Grammy biyu a 2010, kuma a ganina ita ce wadda aka fi rera ta da kyau a bugun asali, domin ba ta nemi muryar ta hau inda ba za ta iya ba.

Fifteen ta fi kowacce tsawo a bugun asali, kusan minti biyar. Tana farawa daga ranar farko a babbar sakandare, da numfashin da ɗaliba ke ja kafin ta shiga ƙofa, da yarinya mai jan gashi da ta zauna kusa da ita har suka zama aminai. Daga nan zuwa fita ta farko da saurayi mai mota, uwa tana jira a gida ba ta yi barci ba, har zuwa ranar da aminiyar ta ba wani yaro duk abin da take da shi, shi kuma ya sauya ra'ayi, suka zauna suka yi kuka tare. Mai shekara 18 ce ke yi wa mai 15 magana, tazarar ba ta da yawa, shi ya sa nasihar ba ta fito kamar faɗan manya ba. The Best Day ma haka take tafiya da shekaru: biyar, sha uku, sannan ta koma uku. Waƙa ce ga mahaifiyarta, kuma baitin da ƙawaye suka juya mata baya, uwar ta ɗauki makullin mota suka tafi wani gari mai nisa suna kallon kaya a shaguna har ta manta, yana cikin mafi kyawun abin da ke kundin. Yawancin masu saurare ba sa isa gare ta don ita ce ta 12.

You Belong with Me ita ce ta fi tashe a rediyo. Ta kai mataki na biyu a Billboard Hot 100, jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, Love Story kuma ta tsaya a na huɗu. Gudunta bugu 130 a minti, amshinta yana kama baki tun ji na farko. Abin da ban so a cikinta ba shi ne yadda ta gina darajar mai waƙar a kan rage ɗaya yarinyar: waccan mai gajeren siket da takalmi mai tsini, wannan mai riga da kambas, don haka wannan ce ta cancanta. Ba a ba waccan baki ko sau ɗaya ba. Kishin 'yan mata ne kamar yadda yake, an faɗe shi da gaskiya, amma bai kai zurfin Fifteen ba.

Inda kundin ke yin sanyi shi ne daga waƙa ta takwas zuwa ta sha ɗaya. Tell Me Why, You're Not Sorry, The Way I Loved You da Forever & Always duk ƙorafi ne a kan saurayi, a jere, kuma kusan duka ana hawa amshi ta hanya ɗaya. Kowacce ita kaɗai ba ta da laifi. Gangar maci da ke ƙarƙashin baitocin The Way I Loved You ma dabara ce mai kyau, tana nuna rayuwar tsari da sabon saurayi mai ladabi, kafin jita ta ɓarke a tuna da tsohon mai rigima. Amma a zama ɗaya kunne yana gajiya. Dalilin a fili yake: yawancin waƙoƙin a kan haɗin sauti huɗu suke zagayawa, kuma gudunsu bai yi nisa da juna ba. Change, wadda ta rufe kundin, ita ce mafi rauni. An cika ta da jita da ganguna, muryar tana ta ƙoƙarin ƙetare su, kuma kalmominta na gaba ɗaya ne, babu ɗaki, babu titi, babu fuska.

Muryar 2008 siririya ce, mai haske, da karin harshen kudu da ta ɗan ƙara masa gishiri. A ƙasa da tsakiya tana da daɗi. A sama, in ta riƙe sauti ya daɗe, tana yin kaifi. An rufe wannan da ninka muryar sau biyu ko fiye a amshi, wanda ya taimaka, amma ya ƙara cunkoso. Shi ya sa in ka saurara a bakin waya, abin da zai fito shi ne murya da ƙarar faranti na ganguna, bes ya ɓace, mandolin ya nutse. A iyafis ko da mai araha ne za ka raba su. In sifikarka tana da wurin gyara sauti, rage na sama kaɗan ka bar na tsakiya yadda yake, kaifin amshin zai ragu.

Bugu uku ne a kasuwa, kuma sukan rikita mai nema. Na asali mai 13. Na Platinum da ya fito a Oktoban 2009 da ƙarin waƙoƙi shida, cikinsu har da Forever & Always ta fiyano, wadda ta fi ta asali taɓa zuciya domin an rage gudu an bar kalmomin su yi aiki. Sai Fearless (Taylor's Version) na ranar 9 ga Afrilu, 2021, mai waƙoƙi 26, kusan awa ɗaya da minti 46. Ta sake rera shi ne bayan an sayar da Big Machine a 2019 tare da asalin faifan waƙoƙinta, abin da ya sa ba ita ke da iko da su ba. A Mayun 2025 ta sanar da cewa ta saye su, don haka yanzu duka bugunan nata ne.

A bugun 2021 ba a sauya tsarin waƙoƙin ba, an bi su kusan sauti bayan sauti, ita da Christopher Rowe suka haɗa, kuma makaɗan da ke raka ta yawon wasa sun buga da yawa daga ciki. Bambancin yana wuri biyu. Kayan kiɗan sun rabu da juna sosai, kana jin inda banjo yake da inda goge yake ko a tsakiyar amshi. Muryar kuma ta mai shekara 31 ce, ta yi kauri, ta daina rawa a sama. Change da You're Not Sorry sun amfana ƙwarai. Fifteen ta zama wata waƙa daban, yanzu babbar yaya ce ke magana. Hey Stephen kuwa ta rasa wani abu: dariyar da ke cikinta a 2008 ta yarinya ce da ke jin kunyar abin da ta faɗa, ta 2021 maimaici ce. Cikin waƙoƙi shida da aka ciro daga ajiya, wato tsofaffin rubuce-rubucenta da ba su shiga kundin 2008 ba, waɗanda Jack Antonoff da Aaron Dessner suka taya ta haɗawa, Mr. Perfectly Fine ce ta cancanci shiga kundin tun farko. You All Over Me da ta yi da Maren Morris tana biye.

Ga mai lissafin data: a inganci na 160 kbps, minti ɗaya yana cin kusan MB 1.2, wato bugun asali kusan MB 65, na 2021 kusan MB 127. A 320 kbps sai ka ninka. Ga mai koyon jita kuma, kundin makaranta ne mai sauƙi. Ɗaura kafo, wato abin da ake matse tsirkiyoyin jita da shi don ɗaga sauti, a gaɓa ta biyu ka buga C, G, Am, F, ka samu amshin Love Story, in an zo ɗagawar ƙarshe sai ka koma D, A, Bm, G ba tare da ka taɓa kafon ba. You Belong with Me kafo a ta huɗu, D, A, Em, G. Kuskuren da masu koyo ke yi shi ne su buga baiti da ƙarfin amshi. Dole ka danne tsirkiya da gefen tafin hannu a baiti, ka sake ta a amshi, in ba haka ba hawan da waƙar ta dogara da shi ba zai fito ba.

Iyaye da ke tambaya ko ya dace da yara: babu zagi ko batsa a kalmomin. Amma rayuwar samartakar Amurka ce, akwai sumba, akwai fita da dare a ɓoye, akwai zance a mota.

Kundin ya yi mako 11 a saman jadawalin Billboard 200, shi ne ya fi kowane ciniki a Amurka a 2009, kuma ya ci Grammy na kundin shekara a 2010 tana da shekara 20. Wanda bai taɓa jin sa ba, ya fara da bugun 2008, waƙa ta ɗaya zuwa ta bakwai, ya tsallaka zuwa The Best Day. In ya gamsu, ya koma bugun 2021 don Change, You're Not Sorry, Forever & Always ta fiyano da Mr. Perfectly Fine.