Sun sayar mini da sugoroku da sunan shogi

Duk mai niyyar sayen hotunan ukiyo-e, wato zanen Japan da ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako, a shagon nan na intanet da ke tallar saitin wasannin allo uku, ya buɗe ido kafin ya tura kuɗinsa. Ba sai na kama suna ba. Sabon bugu ne na zanen zamanin Edo (1603 zuwa 1868), wai go da shogi da sugoroku, allunan nan uku da manyan gidajen Japan suka riƙa saka wa 'ya'yansu mata cikin kayan aure a wancan zamani. Abin da ya ja ni ke nan. Da kaya suka iso sai na tarar da go ɗaya, sugoroku biyu, shogi kuwa ko alamarsa, alhali ga takarda an manna a bayan hoto ɗaya an rubuta shogi ƙuru-ƙuru.

Shogi ai ba ya ɓuya. 'Ya'yansa katako ne mai kusurwa biyar, da tsini a gaba da rubutu a kai, duk launinsu ɗaya, inda tsinin ya kalla shi ke nuna na wane ne. Allon gida tara ne tsaye, tara kwance. Hoton da suka aiko mini mata biyu ne a durƙushe, allonsu dogo kamar akwati, 'ya'yan zagayayyu farare da baƙaƙe sun jeru gefe da gefe, kuma ɗaya matar tana riƙe da ɗan bututun da ake kaɗa dayis a ciki. Tun yaushe aka fara shogi da dayis? Wannan ban-sugoroku ne, wato sugoroku na allo, kowa da 'ya'ya 15, dayis biyu, wasan da caca ta yi wa yawa har Sarauniya Jito ta haramta shi a shekarar 689.

Na rubuta musu cikin mutunci. Amsar da ta dawo ita ta ɓata mini rai fiye da kuskuren. Wai sun duba, gaskiya ba shogi ba ne, go ne, tunda ga fari ga baƙi. Haba Malam! Kai da ke cin abinci da wannan sana'a? Allon go murabba'i ne kusan, mai kauri, da gajerun ƙafafu huɗu, layi 19 sau 19. A mahaɗar layi ake ɗora dutse, duwatsun kuma bazuwa suke yi ko'ina a kan allon, ba sa bin sahu. Sannan kusan kullum za ka ga kwanukan katako biyu a gefe. Na san masu sassaƙa ba su cika damuwa da cika layukan nan ba, sau da yawa ragewa suke yi, shi ya sa ni ba na ƙirga layi. Kwano nake nema, ko bututun dayis, ko tsinin ɗa. A hotona babu kwano ko ɗaya.

Amma kada in ci haƙƙinsu, hoton go ɗin ya yi kyau matuƙa. Zanen mai zane Kuniyoshi ne na Sato Tadanobu, jarumin shugaban yaƙi Yoshitsune, wanda labari ya ce da aka kawo masa farmaki allon go ya sunkuta ya yi makami da shi. Ga shi ya ɗaga allon sama, duwatsu sun watse. Takardar mai laushi ce, idan ka juya bayanta kana ganin sawun gugar hannu da yadda launi ya ratsa, wato da katako aka buga, ba da injin ofis ba. Don wannan hoton kaɗai har na fara tunanin in yafe in ba su taurari huɗu.

Sai da na nemi canji. Suka ce in mayar da hoton da kuɗina, kuɗin aikawar kuma ya kusa kamo farashinsa, sannan ba su da tabbacin akwai shogi a ajiye. To me kuke talla tun farko? Na leƙa shafin jiya, hoton matan nan yana nan, sun dai goge shogi sun rubuta go. Taurari biyu na ba su, kuma har yanzu saitina babu shogi.