Sharhi a kan rangadin hubbarorin sarakunan Mugal daga Delhi zuwa Agra

Kamfanonin yawon buɗe ido na birnin Delhi a ƙasar Indiya suna sayar wa baƙi wani tsari da ya haɗa mota da direba da jagora da masauki, domin a kai mutum ya ga gine-ginen da sarakunan daular Mugal suka bari a Delhi da Agra da Fatehpur Sikri. Irin wannan tsari na saya tare da wasu 'yan uwana, kuma hukuncina a kansa shi ne gine-ginen sun cancanci kowane kwabo da kowace gajiya, amma yadda aka raba mana lokaci bai yi musu adalci ba, sannan daɗin tafiyar gaba ɗaya ya rataya ne a wuyan jagoran da aka haɗa mutum da shi.

Da hubbaren Sarki Humayun muka fara, a unguwar Nizamuddin, kuma a nan ne muka sami jagora mafi kyau, wani dattijo mai takardar izinin ma'aikatar yawon buɗe ido wanda bai taɓa gaggauta mu ba. Humayun ya rasu a 1556 bayan ya faɗo daga matakalar ɗakin karatunsa, kuma matarsa Bega Begum ce ta tsaya a kan ginin, aka ɗauko magini daga Farisa mai suna Mirak Mirza Ghiyas, aka kammala aikin a wajajen 1572. Dattijon ya tsayar da mu a bakin ƙofa kafin mu kusanci ginin, ya nuna mana yadda magudanan ruwa suka raba lambun gida huɗu, ya ce maginan sun yi haka ne suna tuna ƙoramun Aljanna huɗu da aka ambata a Suratu Muhammad. Daga wannan bayani na fara ganin wurin da wani ido, domin jan dutsen da farar ƙubbar marmara da ruwan da ke gudana a tsakanin itatuwa duk abu ɗaya suke nufi, wato addu'ar rahama ga mamaci. Ya kuma shigar da mu ƙananan ɗakunan da aka binne 'yan gidan sarauta fiye da 100, ya gaya mana cewa a nan ne Turawan Ingila suka kama sarkin Mugal na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, a 1857. Abin takaici, jadawalin kamfanin ya ware wa wannan wuri ɗan lokaci kaɗan ne kawai, har direba ya riƙa kiran dattijon a waya alhali bai gama magana ba.

Hanyar Agra ba ta da matsala. Titin Yamuna mai faɗi ne, motar tana da sanyi, direban kuma ya tsaya mana a inda muka yi salla ba tare da mun roƙe shi sau biyu ba.

Taj Mahal kuwa, duk hoton da mutum ya gani kafin ya je bai isa ya shirya shi ba. Sarki Shah Jahan ya gina shi ne domin matarsa Mumtaz Mahal, wadda ta rasu a 1631 wajen haihuwar ɗiyarsu ta 14, aka fara aikin a 1632 da farin marmaran da aka riƙa jigilarsa daga Makrana a Rajasthan, aka ƙare shi gaba ɗaya a wajajen 1653. Mun shiga da sassafe, lokacin da hazon kogin Yamuna bai gama washewa ba, kuma wannan shawara ta kamfanin ta yi kyau ƙwarai, domin kafin hantsi cunkoson ya kai ga mutum ba ya iya tsayuwa ya duba abu a tsanake. Abin da ya fi riƙe ni shi ne rubutun Alƙur'ani da Amanat Khan ya tsara, wanda aka sassaƙa da baƙin dutse aka dasa a cikin farin marmara. A jikin babbar ƙofar shiga Suratul Fajri ce, wadda ta ƙare da kiran rai mai natsuwa ya koma ga Ubangijinsa ya shiga Aljannarsa, a kewayen manyan ƙofofi huɗu na hubbaren kuma Suratu Yasin ce. An ƙara wa haruffan girma a hankali yayin da suke hawa sama, ta yadda mai tsayuwa a ƙasa zai gan su daidai wa daida. Duk wanda ya yi makarantar allo zai iya tsayawa ya karanta su da bakinsa, kuma na ga yadda fuskokin 'yan uwana suka sauya da suka gane surar da suke kallo.

A nan ne jagoranmu na Agra ya gaza. Bai ce uffan a kan rubutun ba sai da muka tambaye shi, amma ya ɓata lokaci mai tsawo yana ba mu labarin wai Shah Jahan ya sa an datse hannuwan magina domin kada su sake gina irinsa, da kuma labarin baƙin Taj da aka so ginawa a ƙetaren kogi, alhali masana tarihi ba su sami hujjar ko ɗaya daga cikinsu ba. Burinsa shi ne ya kai mu inda ake ɗaukar hoto, ya zagaya da mu ɗakin kabarin a guje, ya fitar da mu. Ban ji daɗin yadda yake ɗaga murya a ciki ba, domin ko da yake ainihin kaburburan suna ɗakin ƙasa da aka rufe, na saman kuma alama ce kawai, wurin dai makwancin Musulmi biyu ne, kuma ya dace a shige shi da sallama da ladabi. Na san malamai da dama ba su yarda da gini a kan kabari ba, kuma ra'ayinsu yana da hujja mai ƙarfi, amma wannan bai sauke wa mai ziyara haƙƙin mamaci ba.

Dalilin gaggawar ya bayyana da muka fito, domin kai-tsaye aka wuce da mu wani shagon kayan marmara da ba ya cikin abin da muka biya. An nuna mana yadda masu sana'ar ke dasa duwatsu masu launi a cikin farin dutse, wanda abin sha'awa ne na ɗan lokaci, sai dai zaman ya rikiɗe ya zama ciniki na dole. Lokacin da muka ɓata a can shi ne aka zaftare daga hubbaren I'timad-ud-Daulah, wanda Sarauniya Nur Jahan ta gina wa mahaifinta tsakanin 1622 da 1628. Ƙaramin gini ne a bakin kogi, babu hayaniya, kuma adon duwatsun da ke jikinsa ya riga na Taj Mahal. Mun shiga ne kawai muka fita.

Ganuwar Agra, wadda Sarki Akbar ya fara ginawa da jan dutse a 1565, ta samu lokacin da ya ishe ta. Daga hasumiyar Musamman Burj ana hango Taj Mahal a can gefen kogi, kuma a wannan fada ce Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan daga 1658 har ya rasu a 1666. An binne shi a Taj Mahal a gefen matarsa, kuma kabarinsa ne kaɗai abin da ya kauce wa daidaiton ginin, tun da na Mumtaz ne a tsakiya.

Fatehpur Sikri, mai nisan kusan kilomita 40 daga Agra, birni ne da Akbar ya kafa a 1571 kusa da zawiyar Shehu Salim Chishti, ya kuma bar shi a 1585. Ƙofar Buland Darwaza mai tsawon mita 54 da farfajiyar masallacin sun burge ni matuƙa, sai dai masu tallan ƙyalle da zaren da ake ɗaurawa a tagogin hubbaren Shehun sun takura mana, jagoran kuma ya tsaya yana kallo bai tsawata musu ba.

Wanda zai sayi irin wannan tsari ya tabbatar an rubuta masa cewa babu tsayawa a shago, ya nemi ganin takardar izinin jagora, ya kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da tikiti, domin baƙo yana biyan sama da rufi (kuɗin Indiya) 1,000 a Taj Mahal yayin da ɗan ƙasa ke biyan 50, ban da ƙarin tikitin shiga ɗakin kabarin. A lura cewa ana rufe Taj Mahal ranar Juma'a ga masu yawon buɗe ido, kuma motocin fetur ba sa kusantarsa, don haka akwai 'yar tafiya a ƙafa ko a motar lantarki. Abincin halal yana samuwa cikin sauƙi a Nizamuddin da Agra idan an sanar da direba tun da wuri. Ina ba da shawarar a nemi yini cikakke ga Agra kaɗai, a kuma sa hubbaren Humayun da na I'timad-ud-Daulah a cikin yarjejeniya da adadin lokacin da za a yi a kowanne.