Lichess da binciken katoɓara: abin da na gani

Yaran da nake koya wa chess da yamma a ƙofar gida, kusan dukkansu ba a cinye su don abokin karawa ya fi su dabara. Katoɓara ce ke kashe su. Yaro zai gina wasa mai kyau na minti ashirin, sai ya ajiye sarauniya a bakin doki, shi ke nan an tashi. Wannan ya sa na dage sai kowannensu ya saba da sashen bincike na Lichess, wani shafin intanet na buga chess.

Wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, shi ya kafa Lichess a 2010. Kyauta ce, babu talla, da gudummawar masu wasa take tafiya. Da ka gama wasa sai ka nemi kwamfuta ta duba shi, injin Stockfish, wato manhajar da ke lissafin chess, ya bi takunka ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin kuskure yana samun ?!, matsakaici ?, katoɓara kuwa ??. Akwai kuma zane mai hawa da sauka da ke nuna wa ke kan gaba, inda ka kwafsa sai ka ga layin ya rufta ƙasa kamar an tunkuɗa shi rijiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallin koyo daga kurakurai. Yana mayar da kai daidai wurin da ka yi ɓarnar, ya ce nemo takun da ya dace, amsar kuma tana ɓoye sai ka nema. Na ga wani ɗan yayana, da aka cinye shi, ya kifa wayar a kan tabarma yana huci, ido ya kaɗa. Na ce, "Ɗauko, mu ga inda ta ɓaci." Ya ce, "Kawu, na san wurin." Ashe bai sani ba. Shi yana kukan ruk ɗin da ya rasa, wato ɗan wasa mai kamar hasumiya, alhali tun taku uku kafin nan ya matsar da sojan da ke kare sarkinsa. Da ya gano takun da kansa sai hucin ya tafi, ya shiga lissafi.

Nakan loda musu wasannin manya su ga ?? a gaban sunan gwanaye. A 2006 a Bonn, Vladimir Kramnik yana zakaran duniya ya kasa ganin kisa a taku ɗaya, na'urar Deep Fritz ta ajiye sarauniya a gidan h7 na allon, wasa ya ƙare. A Disamban 2024 a Singafo, wasa na 14 na gasar kambun duniya tsakanin Ding Liren da Gukesh yana gab da canjaras, Ding Liren ya kai ruk f2 a taku na 55 alhali bishof ɗinsa, ɗan wasan da ke tafiya a karkace, na maƙale a kusurwa. Aka yi musaya, Gukesh ya ɗauke kambun yana ɗan shekara 18. Amma wanda na fi daɗewa a kansa shi ne wasa na 6 na gasar kambun duniya tsakanin Magnus Carlsen da Viswanathan Anand a Sochi, 2014. Carlsen ya kai sarki d2 a taku na 26, ya gane ɓarnarsa nan take, ya daure ya zauna. Anand bai lura ba, ya tura soja a4 da sauri, damar ta wuce, Carlsen ya ci wasan. Ina nuna wa yara wannan don su daina dafe kai suna sanar da abokin karawa cewa sun kwafsa.

Inda injin ya gaza: yana nuna maka taku, ba ya gaya maka dalili. Bai san agogonka saura daƙiƙa goma ba, bai san zuciyarka na bugawa ba. Wani lokaci takun da yake so sai an hango gaba da nisa kafin a ga amfaninsa, sabon ɗan koyo sai ya karaya. Don haka ga mai farawa, ya bar ?! gaba ɗaya, ya tsaya kan ?? kawai, kuma a samu babba a kusa ya fassara masa.

Dokata gare su ita ce, wanda aka cinye da katoɓara ba zai taɓa maɓallin sabon wasa ba sai ya bi binciken nan, domin mai wasa da takaici sake kwafsawa yake yi. Masu saurin hannu kuma na kunna musu saitin tabbatar da taku, wayar ta tambaye su kafin ta aika.