Laminet, leda, gora ko kok: amsa ga Hajiyar da ke son sauya daɓen gidanta

Hajiya, barka da war haka. Na ga tambayar da kika yi wa 'yan zaure: farashin gidaje a inda kike ya fara farfaɗowa bayan shekarun da ya yi a kwance, kafet ɗin falo da na ɗakunan kwana ya gaji, ledar kicin ta fara ɗagowa, kuma har yanzu ba ki yanke ba ko sayar da gidan za ki yi nan da shekara biyu ko zama za ki ci gaba da yi. Daɓen katako zalla ya fi ƙarfin aljihu, shi ne kike neman madadinsa. Zan jera miki su bibbiyu, kowanne da kishiyarsa, domin haka ne ya fi saurin fito da bambanci.

Amma bari in fara da kasuwar, tunda ita ta tayar da zancen. Idan kasuwar gidaje ta faɗi, ba ta miƙewa da wuri. A Amurka farashi ya kai ƙololuwa a 2006, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumban 2008, gidaje suka rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na darajarsu, sai a 2012 abin ya fara juyowa. A Ayilan kusan rabi farashin ya zube. Duk tsawon irin waɗannan shekaru masu gida ba sa gyara, to da zarar iska ta canza sai kowa ya tashi lokaci guda, ma'aikata su yi wuyar samu, kuɗin aiki ya hau. Mai saye kuwa bai manta wuyar da aka sha ba, bankin da zai ba shi rance ma haka. Wanda banki zai turo ya ƙiyasta gidanki da farashin gidajen maƙwabta da aka sayar kwanan nan zai auna shi, rasit ɗin daɓenki ba ya cikin lissafinsa. Saboda haka kada tashin kasuwa ya sa ki kashe abin da unguwar ba za ta iya mayar miki ba. Sabon daɓe yana sa gida ya shiga ran mai saye da wuri, yana kuma toshe masa ƙofar neman ragi. Wannan shi ne amfaninsa na zahiri.

Kafin ki sayi komai, ɗaga kusurwar kafet ɗin ki leƙa. Tsofaffin gidaje da yawa akwai katako na gaske a ƙasa da aka binne shekara da shekaru. In kin dace da shi, a goge shi da inji a shafa masa man sheƙi, magana ta ƙare. Ledar kicin kuma, idan gidan ya girmi shekarun 1980, kada kowa ya kankare ta ko ya goge ta da inji sai an gwada, domin tsofaffin leda da gam ɗinsu wasu na ɗauke da asbestos, ƙurarsa kuwa tana lalata huhu. Wannan ina roƙonki ki ɗauke shi da muhimmanci.

To, laminet da ledar zamani. Nan ne mafi yawan mutane ke tsayawa, kuma a ido ɗaya suke: dogayen falanke masu hoton katako da ake saƙala bakin wannan cikin na wancan, ba ƙusa ba gam. A ciki ne suka rabu. Laminet kamfanin Perstorp na Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977, aka riƙa sayar da shi da sunan Pergo. Cikinsa garin katako ne da aka matse da ƙarfi, sai takarda mai hoto a kai, sai wata fata mai tauri da ke kare ta. Wannan fatar ita ce abin alfaharinsa: ƙafar kujera, farcen dabba, yashin da takalmi ya kwaso, duk da wuya su yi masa zane. Ana rubuta ƙarfinta a jikin kwali daga AC1 zuwa AC6, kuma a gidan da ake kai-komo kada ki sauka ƙasa da AC3. Ga ƙafa ma ya fi kama da katako saboda kaurinsa, sai dai yana da ƙara idan ba a sa masa shimfiɗa mai kyau a ƙasa ba.

Maƙiyinsa ruwa. Na gani da idona a kicin ɗina: bututun bayan firji ya riƙa ɗiga a hankali ba wanda ya sani, da muka farga bakunan falanken sun kumbura sun tashi, kuma garin katako in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Dole aka ɓalle wajen gaba ɗaya. Akwai sababbin laminet da ake cewa suna jure ruwa, gaskiya ne sun fi na da, amma jurewar ta sa'o'i ce, ta ruwan da ya zube aka goge.

Ledar zamani kuwa, wadda ake kira binil, roba ce tun daga sama har ƙasa, irin ta PVC. Ba ita ce ledar nan mai laushi da ake naɗowa kamar tabarma ba, duk da dangi ne. Mafi tauri a cikinta ita ce mai alamar SPC, wadda aka cakuɗa cikinta da garin farin dutse. Ruwa ba ya kumbura ta ko kwana ya yi a kai. Abin dubawa a nan kaurin fatar sama: milimita 0.3 ta wadatar a ɗakin kwana, amma falo da kicin a nemi 0.5. Laifinta uku. Ta fi laminet saurin zanewa, kaya mai nauyi yana iya barin mata gurbi, sannan inda rana ke dukanta kai-tsaye ta babbar taga takan koɗe, wani lokaci har ta buɗe ta ɗago. Wani abu kuma da masu talla ba sa faɗa: ledar ba ta jin ruwa, amma ruwan da ya sulala ƙarƙashinta yana nan kwance yana haifar da fumfuna. Dukansu biyu in sun tsufa ba a goge su a sabunta, cirewa ake yi. Idan aka ce in zaɓi ɗaya ga wadda za ta sayar da gida, leda zan ɗauka, don ita kaɗai ce a cikin biyun za ta tashi daga falo ta ratsa kicin har bakin banɗaki ba yankewa, kuma daɓe iri ɗaya kala ɗaya yana sa gida ya yi faɗi a ido.

Sai gora da katako mai hawa-hawa, ga wadda zuciyarta ke kan itace na gaske. Gora a asali ciyawa ce. Irin da ake daɓe da shi, mai suna Moso, daga Sin mafi yawansa ke fitowa, kuma cikin shekara biyar zuwa shida ya isa sara, alhali itacen ok (oak), wanda aka saba yin daɓen katako da shi, sai ya shafe gomman shekaru. Sai dai gora suna ta tara. Wadda aka tsaga sala-sala aka manne taurinta bai wuce na katako ba sosai, wadda aka turara don ta yi duhu ma ta fi laushi. Wadda aka daddage ta zama zare-zare aka matse da gam ita ce gagara-badau: a ma'aunin tauri na Janka jan ok yana da 1,290, ita kuwa sau da yawa takan ninka haka. Raunin gora shi ne sauyin yanayi. Inda iska ke bushewa ƙwarai takan tsuke ta bar giɓi, inda laima ta yi yawa ta kumbura, kuma ingancinta ya danganta matuƙa da masana'antar da ta yi ta. Araha ba ta ado, a kan gora wannan magana ta fi zama daidai.

Katako mai hawa-hawa shi ne wanda aka ɗora siririn yankin itace na gaske a kan filawud. Da yake hawan cikinsa a gicciye suke, ba ya motsi da yanayi kamar katako zalla, shi ya sa ake iya shimfiɗa shi a kan siminti. Darajarsa duka tana kaurin yankin nan na sama: in ya kai milimita 3 ko fiye za a iya goge shi sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa, in bai kai ba kuɗin katako kika biya kika samu tsawon ran laminet. A wajen sayarwa ya fi gora da tazara, domin dillali zai iya cewa daɓen katako ne ba tare da ya yi ƙarya ba, kalmar kuwa tana jan masu saye. Gora wasu na sonta wasu na ɗari-ɗari da ita.

Duk waɗannan da ake haɗa cikinsu da gam tun a masana'anta, wato laminet da gora da filawud, ki duba maganar sinadarin fomaldehayid, wanda gam ɗin ke iya fitarwa cikin iska ya cutar da mai shaƙarsa. A watan Maris na 2015 shirin 60 Minutes na tashar CBS ya ba da rahoton cewa laminet ɗin da kamfanin Lumber Liquidators ke shigowa da shi daga Sin yana fitar da shi fiye da ƙima, bayan 'yan watanni kamfanin ya daina sayar da kayan. Ki nemi alamar CARB 2 ta Kalifoniya ko E1 ta Turai a jikin kwalin, su ne ke nuna sinadarin bai wuce ƙima ba. Iskar da yara za su kwana suna shaƙa ce.

Biyun da na fi ƙauna su ne aka fi mantawa da su: kok da linoliyam. Kok shi ne abin nan mai laushi da ake toshe bakin kwalba da shi. Ɓawon wani irin itacen ok ne da ke tsirowa a ƙasashen yammacin Bahar Rum, Fotugal kaɗai na samar da kusan rabin na duniya. Ba a sare bishiyar. Sai ta kai kimanin shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan kuma duk bayan shekara tara, tana iya rayuwa shekara ɗari biyu ana yi. Cikin ɓawon cike yake da ƙananan ƙwayoyin iska, shi ya sa daɓen ba ya sanyi, yana shanye ƙarar tafiya, kuma mai ciwon gwiwa ko baya yana jin sauƙinsa tun ranar farko. Ranar da na fara taka shi ba takalmi na gane abin da masu yabonsa ke nufi. Yana da buƙatunsa: ƙafar gado ko kabad mai nauyi tana lotsa shi sai an sa mata matashi, rana tana koɗar da shi, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an sake shafa masa abin kariya. A ɗakin kwana ba ni da na biyunsa. A gidan da za a sayar kuwa ba zan ba ki shawararsa ba, don yawancin masu saye ba su san shi ba, abin da mutum bai sani ba kuwa ba ya ƙara kuɗi a kansa.

Linoliyam an zalunce shi da aka haɗa sunansa da ledar roba. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Walton, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1860, kuma har yau kayan haɗinsa ba su sauya sosai ba: man ƙwayar filaks, ƙaron itace, garin katako, garin farin dutse, a kan saƙar zaren algarara. Kalarsa ta ratsa har ƙasa, don haka ko ya ci ƙafa ba hoto ba ne balle ya goge, shi ya sa asibitoci da makarantu suka daɗe suna amfani da shi, yana iya kai shekara 30 in an kula. Kamfanin Forbo na sayar da shi da sunan Marmoleum. Sabo yakan zo da ɗan rawaya-rawaya da ƙanshin mai, haske na kawar da rawayar. Ba ya son sabulu mai kaifi, ba ya son ruwa ya kwanta a bakin haɗi, kuma shimfiɗa shi aikin gwani ne. Ga kicin ɗin da za ki tsaya a ciki shekara ashirin, shi zan zaɓa a kan binil.

Tayil da gogaggen siminti ba sai na ja ba. Tayil ɗin fosilen ba ya shan ruwa fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, banɗaki nasa ne ba gardama, sai dai sanyi da tauri da dattin da ke taruwa a layukan tsakani. Siminti kuwa sai in daɓen asali lafiyayye ne, kuma tsagewa halinsa ce.

Ga inda na tsaya. In sayarwa ta fi rinjaye a ranki, ki sa binil mai fata 0.5 a falo da kicin da baranda ta ciki, kala mai sanyi irin ta itace wadda ba ta cika duhu ko fari ba, ɗakunan kwana kuma laminet AC3 ya isa in kina son rage kuɗi. In unguwar ta manyan gidaje ce da masu saye ke sa ran katako, falo ya samu katako mai hawa-hawa. In zama za ki yi, kok a ɗakunan kwana, linoliyam a kicin, tayil a banɗaki, falo kuma gorar da aka matse ko katakon.

Kowanne kika ɗauka, tun ran gini ran zane: abin da ke ƙarƙashi shi ke yanke tsawon ran na sama. A tabbatar ƙasan a miƙe yake, in siminti ne a gwada danshinsa kafin a rufe, a bar kwalayen su kwana biyu a cikin ɗakin su saba da iskarsa, a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin bango don motsi. Ki sayi ƙarin kashi goma cikin ɗari saboda yanka, ki adana kwali ɗaya, don in wani falanke ya lalace bayan shekara biyar da wuya ki sake samun kalar. Sannan kafin ki biya, karɓo samfurin guda uku da suka fi kwanta miki, ki tsoma bakin kowanne a ruwa ya kwana, ki ja mukulli a kansa, ki ajiye shi a bakin taga mako guda. In kin yi, ki turo mana hotonsu da girman ɗakunan, sai mu taya ki lissafin kwali nawa za ki saya.